Tarawa da Ɗebewa: Ɗanjuma ne da Ɗanjummai



Ya ku iyayenmu maza da mata, da sauran 'yan'uwa masu bibiyar wannan fili na tarbiyyar yara, a wannan fitowa za mu tsaya ne a kan wani kuka da ya yawaita a gidajenmu na Briqueterie da Elig-Edzoa da unguwannin da ke kewaye da su. Kukan kuwa shi ne: yaro ya iya tarawa sarai, in ka ce masa 8 a tara da 5 nan take zai ce 13, amma da zarar an juya an ce 13 a ɗebe 8, sai ka ga ya daskare yana ƙirga yatsu, daga ƙarshe ya kawo amsar da ba ita ba. Wasu iyayen sukan ce ai yaron ba shi da kan lissafi, su sallama. Wasu kuma su ɗauko bulala. Dukkan biyun ba su ne magani ba, domin sau da yawa ciwon ba a ƙwaƙwalwar yaron yake ba. An koya masa abu ɗaya ne a matsayin abubuwa biyu da babu dangantaka tsakaninsu, sai nauyin ya ninku a kansa.

Al'amarin bai kamata a raina shi ba. A shekarar 2019, shirin PASEC, wanda taron ministocin ilimi na ƙasashe masu amfani da Faransanci ke gudanarwa, ya auna ɗaliban firamare a ƙasashe 14 na Afirka, cikinsu har da Kamaru da Nijar da Chadi. Sakamakon ya nuna cewa fiye da rabin yaran da ke ajin ƙarshe na firamare ba su kai matakin da ake buƙata a lissafi ba. Wanda kuwa ya bar CP da CE1 bai fahimci ɗebewa ba, zai isa CM2 yana ɗingishi, domin rabawa kanta ɗebewa ce ake maimaitawa. Daga nan jarrabawar CEP da ta shiga sakandare su zame masa tsauni. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Darasi daga bakin tukuba

Wanda ke son ya ga asirin ɗebewa, ba sai ya je nesa ba. Ya tsaya da yamma a gaban mai tsire a Briqueterie, ko gaban mai tumatir a kasuwar Mokolo, ya lura da yadda ake ba da canji. A ce mutum ya sayi nama na sefa 1,350, ya miƙa takardar 2,000. Mai tsire ba zai nemi alƙalami ba. Zai ajiye 50 a tafin hannun mai saye ya ce, dubu da ɗari huɗu. Ya ƙara 100 ya ce, dubu da ɗari biyar. Ya ɗora 500 ya ce, dubu biyu cif. Canji ya zama 650, kowa ya gamsu.

A littafin makaranta, wannan lissafi sunansa ɗebewa: 2,000 a ɗebe 1,350. Yana ma daga cikin masu wahalar da yara, saboda sifirorin da ke jere a sama. Amma mai tsire bai ɗebe kome ba. Tarawa ya yi tun daga farko har ƙarshe. Tambayar da ya yi wa kansa ita ce: nawa zan ƙara a kan 1,350 in kai 2,000? Amsar wannan tambaya ita ce amsar waccan. To, wannan shi ne kan maganarmu baki ɗaya. Duk wata ɗebewa tarawa ce da aka ɓoye ɗaya daga cikin sassanta, aka ce a nemo shi. Hanya ɗaya ce, tarawa tafiya, ɗebewa dawowa.

Masana sun daɗe da lura da wannan hikima ta 'yan kasuwa. A shekarar 1985, Terezinha Carraher da David Carraher da Analúcia Schliemann suka wallafa wani bincike da suka yi a birnin Recife na ƙasar Brazil, a kan wasu yara 'yan talla. Da aka yi ciniki da yaran a bakin sana'arsu, sun ba da amsa daidai a kusan kashi 98 cikin 100 na tambayoyin. Da aka rubuta musu waɗancan lissafai ɗin da alamomi irin na makaranta, sai abin ya faɗo zuwa kusan kashi 37. A shekarar 2025 kuma, wani ayarin masana da ya haɗa da Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu lambar yabo ta Nobel a 2019, ya wallafa irin wannan bincike a kan yaran kasuwannin Kolkata da Delhi a Indiya. Suka tarar yaran kasuwa gwanaye ne a ciniki amma suna kasawa a takarda, yaran makaranta kuwa suna iya na takarda amma ciniki yana kayar da su. Ke nan akwai ilimi biyu da ba a gina gada a tsakaninsu ba. Yaranmu da ke taya iyayensu zaman shago da rana, su tafi makaranta da safe, su ne suka fi kowa cancantar a gina musu wannan gada.

Harshenmu ya riga ya sani

Bahaushe yana ɗebewa ko a cikin ƙidayarsa ta yau da kullum. Yakan ce goma sha tara, yakan kuma ce ashirin ba ɗaya, duk adadi ɗaya ne, 19. Na farko ya hau ne daga goma, na biyu ya sauko daga ashirin. Haka talatin ba biyu, wato 28. Dattawa ma sukan yi amfani da kalmar gaira a manyan adadi, su ce metan gaira goma suna nufin 190. In an zo ga agogo, mukan ce ƙarfe biyar saura kwata, wanda daidai yake da ƙarfe huɗu da minti 45. Faransanci ma haka yake faɗin lokaci. Yarbawa sun fi mu zurfafawa a wannan, domin 15 ma a wurinsu ashirin ce ba biyar. Rumawan da kuma in za su rubuta tara sai su sa alamar ɗaya a gaban ta goma, IX, wato goma ba ɗaya.

Ɗalibin makarantar allo shi ma ya ci karo da salon biyu. A Suratul Ankabut an ambaci zaman Annabi Nuhu, alaihis salam, cikin mutanensa ta hanyar cire hamsin daga dubu, wato shekara 950. A Suratul A'araf kuma an ambaci wa'adin Annabi Musa, alaihis salam, ta hanyar cika dare talatin da goma, suka zama 40. Yaron da ya haddace izu 22 kuma yana sane da cewa saura masa 38 ya cika sittin, ya riga ya riƙe lambobi uku masu zumunci: 22 da 38 da 60.

Wannan zumunci shi ya kamata a fara nuna wa yaro. Kowace tarawa tana da iyali. Idan 8 da 5 sun ba da 13, to 5 da 8 ma 13 ne, 13 a ɗebe 8 saura 5, 13 a ɗebe 5 saura 8. Gaskiya huɗu ke nan a cikin ɗaki ɗaya. Yaron da ya gane haka, in ya haddace guda ya samu uku kyauta. Wanda bai gane ba kuwa zai yi ta haddar jadawalin tarawa daban, na ɗebewa daban, wahala biyu a kan lada ɗaya.

Fuskoki uku na ɗebewa

Wani abin da ke rikita yara shi ne an saba nuna musu ɗebewa ta fuska ɗaya kawai, wato a ɗauke wani abu a ga saura. Tela ya karɓi turmin atamfa yadi 6, ya yanka 4, saura 2. Wannan ita ce fuska ta farko, kuma ita ce mafi sauƙi.

Fuska ta biyu ita ce kwatantawa. Wa yana da shekara 12, ƙane yana da 8, da shekara nawa ya girme shi? A nan ba a ɗauke wa kowa kome ba, tazara ake nema. Fuska ta uku ita ce cikawa. Kuɗin littafi 2,500 ne, uwa tana da 1,800 a hannu, nawa ya rage mata ta cika? Nan ma ba abin da ya ɓace, giɓi ake son a cike. Malaman makarantun Faransanci suna kiran wannan addition à trou, wato tarawa mai giɓi. Alama ɗaya ce ake rubutawa ga dukkan ukun, amma yaron da fuska ta farko kaɗai ya sani, in ya ci karo da sauran biyun a jarrabawa ba zai gane su ba.

Akwai kuma wani tarko da ya kamata iyaye su sani. Wasu sukan koya wa yaro cewa duk inda ya ga kalmar "fi" ko "ƙari" ya tara, inda ya ga "saura" ko "ragi" ya ɗebe. Wannan dabara takan ci amanar mai ita. A duba wannan tambaya: Binta tana da goro 12, ta fi Ladi da 5, goro nawa Ladi take da shi? Mai bin kalma zai ga "fi" ya tara, ya ce 17, alhali amsa 7 ce. Ga wata kuma: an sayar da ƙwai 9, saura 15, ƙwai nawa ne tun farko? Ga kalmar "saura" ƙarara, amma tarawa ake buƙata, amsa 24. Abin da ke tserar da yaro daga wannan tarko shi ne ya saba tambayar kansa abu biyu kafin ya taɓa alƙalami: ina jimla a cikin wannan labari, ina kuma sassanta? In jimlar ce ba a sani ba, a tara. In sashe ne ba a sani ba, a ɗebe, ko a cika.

Aro, ajiya da hanyar ɗan kasuwa

Ƙasarmu tana da tsarin makarantu biyu, na Faransanci da na Ingilishi, kamar yadda dokar ilimi ta watan Afrilun 1998 ta tabbatar. A gida ɗaya sai ka tarar uba ya yi karatu a wancan tsari, ɗansa yana wannan. Da dare uba ya zauna zai taimaka da aikin gida, yaro ya ce ba haka malaminmu ya koya mana ba, rai ya ɓaci. Bari mu ɗauki lissafi guda, 52 a ɗebe 38, mu ga inda hanyoyin suka rabu da inda suka haɗu.

Hanyar aro, wadda ta shahara a makarantun Ingilishi, cewa take: 8 ba ta fita daga 2, saboda haka a karɓo goma ɗaya daga biyar ɗin da ke gefe. Sai 52 ta koma 40 da 12. A ɗebe 8 daga 12 saura 4, a ɗebe 30 daga 40 saura 10, amsa 14. Ko da yake ana kiranta aro, a haƙiƙa canji ne, irin wanda mutum ke yi in ya fasa takardar 1,000 ta zama 500 biyu. Kuɗinsa bai ƙaru ba, bai ragu ba, siffarsa ce ta sauya.

Hanyar ajiya kuwa, wadda yawancin waɗanda suka yi tsohuwar makarantar Faransanci suka taso da ita, ba ta taɓa biyar ɗin da ke sama. Sai a ƙara goma a kan 2 ta zama 12, a ɗebe 8 saura 4, sannan a ajiye ɗaya a ƙasa, 3 ta zama 4, a ɗebe ta daga 5 saura 1, amsa 14. Yara da yawa suna yin wannan ba su san dalilin ɗayan da aka ajiye ba. Dalilin shi ne an ƙara goma a sama, dole a ƙara goma a ƙasa don kada tazara ta sauya. Wa da ƙanen da muka ambata ɗazu, bayan shekara goma za su zama 22 da 18, amma shekara 4 ɗin da ke tsakaninsu tana nan har abada. Ga shi nan, a tsakiyar ɗebewa tarawa ce ke aiki.

Hanyar ɗan kasuwa ita ce ta uku: daga 38 zuwa 40 akwai 2, daga 40 zuwa 52 akwai 12, a haɗa 14. Mai wayo ma yana iya ƙara 2 a kowane ɓangare, lissafin ya koma 54 a ɗebe 40, wanda ko rabin barci ake yi za a amsa. Dukkan hanyoyin nan halal ne, amsarsu ɗaya. Shawara ita ce a bar yaro ya rubuta da hanyar da malaminsa ya koyar, domin da ita za a duba takardarsa, sannan a gida a nuna masa sauran a matsayin shaidu.

Kuskuren da ya fi yawa a wannan mataki shi ne yaro ya ɗebe ƙaramar lamba daga babba ko da wacce ce a sama. Sai ya ce 8 a ɗebe 2 saura 6, 5 a ɗebe 3 saura 2, ya rubuta 26. Maimakon a yi masa tsawa, a ce ya tara 26 da 38. Zai samu 64. A tambaye shi, da 64 muka fara ko da 52? Da kansa zai gane akwai matsala. Wannan gwaji, wanda ake kira preuve a makaranta, shi ne babbar kyautar da dangantakar tarawa da ɗebewa ke ba yaro: ya zama alƙalin kansa, ba sai ya jira jan biron malam ba.

Abin da magabata suka bari

Wannan tunani da muke ɗauka na 'yan aji biyu ne, a kansa aka gina wani babban reshe na ilimi. Wajen shekarar 820 Miladiyya, a Bagadaza, zamanin halifa al-Ma'amun, Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ya rubuta littafinsa a kan al-jabru da al-muƙabala. Kalmar jabru a Larabci tana nufin ɗori, irin wanda ake yi wa ƙashin da ya karye. A lissafi kuwa ma'anarta mayar da abin da aka cire. Misali, wani ya ce: na fita da wasu kuɗi, na kashe 3,000, na dawo da 7,000, da nawa na fita? Sai a mayar da 3,000 ɗin da aka cire, a samu 10,000. An warware ɗebewa da tarawa. In kuma ya ce an ƙara mini 3,000 na zama da 7,000, sai a warware tarawa da ɗebewa, a samu 4,000. Sharaɗi ɗaya ne, kamar na ma'auni mai faranti biyu: abin da aka yi wa dama a yi wa hagu.

Al-Khawarizmi ya bayyana cewa ya rubuta littafin ne saboda buƙatun mutane a rabon gado da wasiyya da shari'a da ciniki da awon ƙasa, kuma babban kaso na littafin a kan matsalolin wasiyya da gado yake. A shekarar 1145 Robert na Chester ya fassara shi zuwa Latin a ƙasar Sifen. Daga kalmar al-jabru Turawa suka samo sunan darasin aljebra da yaranmu ke tsoro a sakandare. Yaron da ya fahimci cewa tarawa tana kwance abin da ɗebewa ta ɗaure, ya riga ya sa ƙafa a aljebra tun yana CE1.

Alamomin nan biyu ma, + da −, tare suka shigo littafi. An fara ganinsu a bugu a shekarar 1489, a wani littafin lissafin fatake na Johannes Widmann da aka buga a Leipzig ta Jamus, inda aka yi amfani da su don nuna rara da giɓi a awon kaya. Tun kafin nan da daɗewa, a shekarar 628, masanin Indiya Brahmagupta ya tsara ƙa'idojin lissafi da abin da ya kira dukiya da bashi. Wannan yana da amfani ga iyaye. A firamare akan ce wa yaro 7 ba ta fita daga 5. In ya isa sakandare sai a ce masa tana fita, amsa −2, ya rikice. Amma duk wanda ya taɓa zaman kanti ya san mai 500 yana iya ɗaukar kayan 700, a rubuta masa bashin 200. Gara tun farko a ce wa yaro: ba ta fita sai da bashi. A nan kuma ya kamata ya san inda 'yan'uwan biyu suka bambanta: a tarawa ko wanne aka fara ambata amsa ɗaya ce, a ɗebewa kuwa wanda ke gaba da wanda ke baya shi ne bambancin mai bin bashi da wanda ake bi.

Ƙasar Hausa ma ba a bar ta a baya ba. Malam Muhammadu bin Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya yi karatu a ƙasar Hausa da Barno, ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira har ya rasu a can a shekarar 1741, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan yadda ake tsara lambobi cikin gidajen murabba'i ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Mafi ƙanƙantar irin wannan tsari mai gida tara ne: 4, 9, 2 a layin sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ta ko'ina aka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, 15 ake samu. A zana wa yara shi a allo, a share gida uku ko huɗu, a ce su cika. Kowane gida da za su cika sai sun tara biyu sun ɗebe daga 15. Wasa ne a wurinsu, alhali darasin da muke magana a kai suke maimaitawa.

Inda lissafi ya zama amana

Bayan jarrabawa akwai rayuwa, kuma a can ne kuskuren ɗebewa ke raba zumunci. A ɗauki rabon gado. A ce mamaci ya bar sefa 3,000,000. Aka cire 100,000 na jana'iza, aka biya bashin 500,000, saura 2,400,000. Ya yi wasiyya da 400,000, wadda ba ta wuce sulusi ba, saura 2,000,000. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mata uku. Matar ta ɗauki tumuni, 250,000. Ragowar 1,750,000 aka kasa bakwai, kowane namiji 500,000, kowace mace 250,000. Mai rabo na ƙwarai ba ya tashi daga tabarma sai ya bi sawunsa ya koma: ya tara rabon kowa da wasiyya da bashi da kuɗin jana'iza, ya ga sun mayar da shi 3,000,000 daidai. In ba su mayar ba, haƙƙin wani ya maƙale a wani wuri.

Haka uwar adashi, abin da aka zuba da abin da aka kwasa da abin da ke hannunta dole su yi daidai. Haka ɗan kasuwa mai fitar da zakkar kuɗi, wanda a mazhabar Malikiyya yake duba bashin da ke kansa kafin ya tabbatar ko nisabi ya cika. Haka mai ramuwar azumi: in wata ya yi 29 ta azumci 23, kwana 6 ke kanta. Haka mai tura kuɗi ta waya: in da 20,000 ya fara, ya tura 12,000, a ce an cire masa 150 na aiki, to 7,850 ya kamata ya gani, kuma ukun nan in an tara su su koma 20,000. Wanda ya saba da wannan gwaji tun yana yaro, da wuya a cuce shi, da wuya kuma ya cuci wani bisa kuskure.

Abin da za a iya yi a gida

Ba a buƙatar uwa ko uba su kasance sun yi boko kafin su taimaka. Abu na farko, a tabbatar yaro ya san abokan goma kamar yadda ya san sunansa: 1 da 9, 2 da 8, 3 da 7, 4 da 6, 5 da 5. A ɗauki ƙwallayen dabino ko wake goma, a rufe wasu da tafi, a nuna saura, a ce nawa na ɓoye? Daga baya a wuce ga abokan 100 da na 1,000, domin su ne ginshiƙin canji.

Na biyu, in an aiki yaro kanti, a tambaye shi tun kafin ya fita nawa zai dawo da shi, in ya dawo kuma ya ƙirga canjin ta hanyar hawa, kamar mai tsire. In kuɗin tasi 350 ne aka ba shi 500, ya faɗi canjin kafin ya shiga mota. A gidajen da ake ƙirga da dala, kamar yadda 'yan'uwanmu mutanen Maraɗi da Damagaram suka saba, a ce dala 70 daga dala 100, saura dala 30, sannan a mayar da shi sefa 150. Kwana biyu yaro zai ga lissafi ɗaya ne a cikin riguna daban.

Na uku, kada a karɓi aikin gida na ɗebewa sai da gwajinsa a gefe. Uwar da ba ta karatun boko ma tana iya cewa, tara mini amsar da na ƙasa in ji ko za su ba da na sama. Na huɗu, a yi wa yaro bayani da Hausa ko duk harshen da ake yi a gida, sannan a haɗa masa da kalmomin makaranta, don ya san cewa abin da malam ke faɗa da Faransanci ko Ingilishi shi ne abin da kakarsa ke yi a kan faifan goronta. Na biyar, 'ya'ya mata su samu rabonsu daidai da maza, domin su ne gobe za su riƙe kuɗin cefane da na adashi da tarbiyyar wasu yaran. Minti goma bayan sallar Isha'i, in an dawwama a kai, ya fi awa uku na daren jarrabawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Muna kuma kira ga malaman makarantunmu, na gwamnati da masu zaman kansu da na Faransanci da Larabci, da su riƙa koyar da waɗannan darussa biyu a tare, su kuma ba yaran 'yan kasuwa dama su nuna wa aji yadda suke lissafi da ka. Yaron da ake ɗauka daƙiƙi a bayan aji, mai yiwuwa shi ne wanda ba a taɓa cin ribar sisinsa a kasuwa ba.

Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya sa su zamo masu cika mudu da riƙon amana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.